Fashin Baƙi: Me Ya Sa Tafarnuwa Ba Ta Jure Ajiya a Legas?

Me ya sa tafarnuwar da ke yin watanni a rataye a Wurno ko Goronyo na jihar Sakkwato lafiya lau, da ta sauka a Legas sai ta fara laushi, ta yi baƙar ƙura a ƙarƙashin ɓawo, ko ta fito da tsiro kafin wata ya zagayo? Tambayar nan tana dawowa kowace shekara da zarar damina ta kankama, a kasuwar Mile 12, a Agege, a Idi Araba, har cikin zaurukan WhatsApp na matan unguwa. Kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Uwargida ta ce mai kayan miya ya cuce ta da tsohon kaya. Mai kayan miya ya ce, "Wallahi Hajiya, haka aka sauke mana ita." Dillali ya ce manoman yanzu ba su da haƙuri. Wasu kuma sun tattara laifin gaba ɗaya sun jibga wa tafarnuwar China, wai magani ake zuba mata. A gefe guda ga masu noman buhu da bokiti a bayan gida, waɗanda suka yi wata huɗu suna ban ruwa, suka tone, suka wanke ta fes, suka zuba a firiji, bayan 'yan makonni suka tarar da abin takaici.

Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Amma abu biyu ne ke yanke wa tafarnuwa tsawon kwana: yadda aka busar da ita a makonnin farko bayan tono, da irin iskar da take shaƙa a inda aka ajiye ta. A kan na biyun, Legas ba ta da sassauci ko kaɗan.

Tafarnuwar da ke kwandonki tana da rai

Dunƙulen tafarnuwa ba mataccen abu ba ne irin busasshen barkono. Kowace ƙwaya da ke cikinsa iri ce mai rai. In aka tsaga ta gida biyu za a ga ɗan tsiro a kwance a tsakiya yana jiran lokacinsa. Bayan an tone ta daga ƙasa, tafarnuwa takan shiga wani hali da masana aikin gona ke kira barci: tana numfashi a hankali, tana fitar da ɗan ruwa da ɗan zafi, amma ba ta girma. Ajiya gaba ɗayanta ƙoƙari ne na tsawaita wannan barcin, da toshe ƙofofin da fumfuna ke bi ta shiga.

Ta fi albasa juriya, kuma da dalili. Ruwan da ke jikin ƙwayar tafarnuwa kusan kashi 60 ne cikin 100, na albasa kuwa ya kusa kashi 90. Sai dai wannan ruwan na cikin ƙwaya ba shi ake yaƙi da shi ba. Shi ake so ma ya zauna, don in ya tafi sai ƙwaya ta motse, a matsa dunƙule a ji fanko. Ruwan da ake so ya fita yana wuri uku: wuyan da ya haɗa ganye da dunƙule, ɓawon da ya lulluɓe shi, da saiwar da ke ƙasa.

Mece ce busarwar da ake magana a kai?

Wuya shi ne babbar ƙofa. Ranar da aka tone tafarnuwa, wuyanta ɗanye ne, mai kauri, cike da ruwa. In aka sa wuƙa aka yanke ganyen a ranar, an bar rami a buɗe wanda ya zarce kai tsaye zuwa tsakiyar dunƙule. In kuwa aka bar ta da ganyenta a inuwa mai iska, ganyen zai bushe a hankali, wuyan ya tsuke ya rufe kansa, ɓawon waje ya zama holoƙo mai ƙara in an taɓa, saiwar ta yi ƙaƙas. Wannan ita ce busarwar. Takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, gwargwadon bushewar iskar wurin da girman dunƙulen.

Aikin ma yana farawa ne tun tafarnuwa tana ƙasa. Manomin da ya san abin da yake yi yakan ɗauke ban ruwa kamar mako biyu kafin tono. Yana kuma kallon ganye: in na ƙasa sun yi rawaya sun bushe, kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, na sama kuma da sauran kore, lokaci ya yi. Dalilin wannan lissafi shi ne, kowane ganye da ake gani a sama, gindinsa ne ya zagaye dunƙule ya zama ɓawo ɗaya. Ganye biyar masu rai, riga biyar ke nan. Wanda ya yi gaggawa zai samu ƙwayoyin da ba su gama cika ba da wuya mai kaurin da ba ya rufuwa da wuri. Wanda ya yi nawa har ganye ya mutu duka zai tarar da ɓawo ya ruɓe a ƙasa, dunƙule ya buɗe, ƙwayoyi sun rarrabu, ƙasa ta shiga tsakaninsu. Irin wannan ba ta ajiya ba ce, ta tukunya ce a makon.

Tono kansa yana son hannu mai sauƙi. A sassauta ƙasa da fartanya daga gefe, kada a finciko ta da ganye. Duk ƙwayar da fartanya ta sara ko ta bugu da ƙasa ta samu rauni, ko da ido bai gani ba. Kada kuma a wanke. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wurin masu noman gida, musamman mata masu son tsabta: ruwan wanki yana shiga tsakanin ɓawo da ɓawo, inda iska ba ta kaiwa. Ƙasar da ta manne a jiki za ta zube da kanta in ta bushe, sai a murje da hannu.

Batun rana shi ne ake yawan musu a kai. Mun saba da cewa duk abin da ake so ya bushe, rana ake ba wa. Manoman Arewa da dama kan jera tafarnuwa a gona bayan tono ta yi 'yan kwanaki, amma wanda ya lura zai ga ganyen wannan layin ne ke rufe kawunan wancan. Ba ado ba ne. Zafin Sakkwato a watan Maris yana kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma dunƙulen da aka bari tsirara a irin wannan rana dahuwa yake yi: ƙwayoyin su yi rawaya-rawaya, su yi laushi, daga baya su ruɓe. Iska ce ke busar da tafarnuwa, rana taimako kawai take yi daga nesa. Shi ya sa rumfa, ko rudu irin wanda ake ajiye albasa a kai, wato dandamalin kara da aka ɗaga daga ƙasa aka rufa masa ciyawa, ya fi tabarma a tsakar gida.

Yaya ake gane ta bushe? A yanke wuyan guda ɗaya a matsa. In babu danshi, babu kore a tsakiya, an gama. Sai a datse ganyen a bar kamar santimita 2 zuwa 3 na wuya, a rage saiwa, ko a kitse ganyen a rataye ta haka.

Daga fadama zuwa Mile 12

Yawancin tafarnuwar gida daga noman rani take fitowa, a jihohi irin su Sakkwato, Kabi, Kano da Borno. Ana shuka ta wajen Nuwamba in sanyin hunturu ya shigo, a tone tsakanin Fabrairu da Afrilu. To, a nan ne lissafin aljihu yake karo da lissafin busarwa. Manomi ya ci bashin taki da man injin ban ruwa. Ya san wanda ya riga shiga kasuwa shi ke samun farashi kafin kaya su cika gari. Ɗanyar tafarnuwa kuma ta fi cika ido, ta fi saurin cika buhu. Mako ukun da zai zauna yana jiran wuya ya rufe, a idonsa, mako uku ne na faɗuwar farashi da raguwar kaya. Ba mugunta ba ce, matsi ne. Amma tun ran gini ran zane: abin da aka tsallake a wannan mako ukun babu wani ɗakin ajiya da zai mayar da shi.

Sai a ɗura ta a buhun taki ko na shinkafa wanda ba ya shan iska, a ɗinke, a loda a tirela, a ja tamfol. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kwana biyu ko uku in hanya ta yi kyau, fiye da haka in mota ta lalace. Kayan yana numfashi a cikin buhu, zafi yana taruwa da rana, da dare jikin tamfol ya yi sanyi, gumi ya sauko. A wurin sauka kuma 'yan dako suna sauri, ana jefo buhu daga sama.

Abin da ke rikita mutane shi ne, babu ɗaya daga cikin wannan ɓarnar da ke nunawa a ranar. Rauni da danshi sai sun yi mako biyu ko uku kafin su zama ruɓa. Kafin nan kaya sun wuce hannu uku ko huɗu. Wanda ya sayar a ƙarshe, mai ɗan tebur a bakin titi, shi ke shan zagi kan laifin da aka yi tun a gona.

Iskar Legas

Ko da an yi komai daidai a Arewa, akwai abin da ke jira a Ikko. Cibiyar nazarin adana amfanin gona ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta fitar da ƙa'idar da ake yawan aiki da ita: tafarnuwa tana son laimar iska ta kashi 60 zuwa 70 cikin 100, kuma a zafin ɗaki na digiri 20 zuwa 30 takan yi wata ɗaya zuwa biyu da kyanta matuƙar laimar ba ta kai kashi 75 ba. Irin namu na gida, mai ƙananan ƙwayoyi da matsattsen ɓawo, yakan wuce haka a busasshiyar ƙasa. A Sakkwato lokacin tono, laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20. A Legas da damina tana zama sama da kashi 80, wata da watanni. Ruwan saman da Legas ke samu a shekara ya ninka na Sakkwato fiye da sau biyu, ga teku, ga tafki.

Busasshen ɓawo yana jan laima daga iska. Ma'ana, busarwar da aka sha wahala aka yi a Arewa, iskar Legas tana warware ta a hankali. Ɓawo ya yi laushi, saiwa ta fara sabon toho, fumfuna ta samu wurin zama. Baƙar ƙurar nan da ake gani in an ɓare ɓawo fumfuna ce mai son zafi da danshi tare, wato yanayin Legas sak. Akwai kuma mai launin shuɗi-kore da ke bin rauni, wadda ke cinye ƙwaya har ta zama gari. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai, masu tsotsar ƙwaya ta yi tabo-tabo ta motse.

Ga kuma rashin dacen lokaci. Sabuwar tafarnuwa tana cika kasuwa ta yi araha a Maris da Afrilu, daidai lokacin da ruwa ke sauka a Legas. Mutum ya ga araha ya ce bari ya sayi rabin buhu ya ajiye kafin ta yi tsada. Tunanin daidai ne a Kano ko Gusau. A Legas kuwa ya sayi kaya ne a ƙofar watannin da suka fi kowane lokaci laima, Yuni da Yuli suna gabansa. Ɗan tsagaitawar ruwan Agusta ba ya busar da iska yadda zai ceci komai. Sauƙin da ake samu na gaske sai Disamba da Janairu, in hunturu ya leƙo, lokacin kuma tafarnuwa ta riga ta tsufa ta yi tsada.

Firiji: maganin da ke tada barci

Da mutum ya ga kaya suna lalacewa, abin da ke zuwa masa shi ne firiji. Ga tumatir da nama, haka ne. Ga dunƙulen tafarnuwa, a mafi yawan gidajen Legas, shi ne mafi munin wuri.

Tafarnuwa tana barci mai nauyi a wuri biyu: a sanyi mai tsanani, digiri 0 ko ƙasa da shi kaɗan, da kuma a zafi irin na ɗaki. Inda take saurin farkawa shi ne tsakani, daga digiri 5 zuwa 18. Haka aka halicce ta: matsakaicin sanyi ne ke gaya mata cewa lokacin shuka ya zo. Firijin gida, in yana aiki daidai, yana zama ne a wajen digiri 4 ko 5, wato a bakin wannan iyaka. Sai a ƙara da halin wutarmu. NEPA ta ɗauke, firiji ya hau zuwa digiri 12 ko 15, a kawo wuta ya sauka, a sake ɗaukewa. Kullum tafarnuwar tana kai da kawo a cikin yanayin da ya fi tada ta. Kowane hawa da sauka kuma yana barin raɓa a jikinta, in a leda take kuwa raɓar ba ta da hanyar fita.

Hujjar da ta fi gamsarwa a nan ita ce, masu son shuka tafarnuwa a ƙasashe masu zafi da gangan suke sa irin a firiji na mako huɗu zuwa shida kafin shuka, don ya yi saurin tsiro. Uwargidan da ta zuba tata a aljihun firiji tana yi mata wannan shirin ne ba tare da ta sani ba.

Tsiron kansa ba guba ba ne, duk da jita-jitar da ake yaɗawa. Tafarnuwar da ta yi tsiro ana cinta. Abin da ke faruwa kawai shi ne tsiron yana zuƙe ƙwayar, ƙarfinta yana raguwa, wani lokaci ya kawo ɗan ɗaci. A tsaga a cire shi, a yi girki. Wadda ake zubarwa ita ce mai laushi, mai ruwa-ruwa, mai fumfuna a jikin ƙwaya.

Ta China da ta gida

China ce ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na tafarnuwar duniya, sama da tan miliyan 20 a shekara, kuma gundumar Jinxiang a lardin Shandong ita ce cibiyar cinikinta. Suna girbi wajen Mayu da Yuni, amma suna sayarwa duk shekara, saboda suna zuba ta a manyan ɗakunan sanyi da ke riƙe ta a digiri 0 ko ƙasa da haka. Daga nan ta shiga kwantena mai sanyi, ta yi sama da wata guda a teku kafin ta iso tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas.

Ranar da aka buɗe kwantenar abu biyu ke faruwa. Na farko, iskar Legas mai ɗumi da laima ta sauka a kan kaya masu sanyi, su jiƙe nan take kamar kwalbar lemon da aka fito da ita daga firiji. Na biyu, tafarnuwar da ta sha dogon sanyi, da ta ji ɗumi, tsiro take yi ba ɓata lokaci. Shi ya sa fara tas ɗin nan mai manyan ƙwayoyi, mai daɗin ɓarewa, ba ta cika yin dogon kwana a kwando ba.

Maganar "magani" fa? Gaskiya ne a ƙasashe da dama ana hana albasa da tafarnuwa tsiro ta hanyar fesa wani sinadari a gona kafin girbi, ko haska kayan da wani haske mai kashe idon tsiro. Amma a duba kukan da ake yi a Legas: cewa ake yi tana saurin tsiro. Wadda aka kashe wa ido ba ta tsiro. Sanyin da ta fito daga ciki ya isa ya bayyana abin da ake gani. A ganina kowace da ranarta. Mai dafa abincin biki da zai ɓare kwano guda yau ya gama da ita gobe, ta China ta fi masa sauƙi. Mai son abin da zai kwana biyu a gida, mai ƙarfin da ƙwaya uku za su ishi miya, ta gida ce tasa, in dai an busar da ita.

Masu noman buhu a bayan gida

Tsadar kayan miya ta sa mutane da yawa a Legas sun koma shuka a buhu da tsofaffin bokitai. Alayyafo, tattasai da albasa mai lawashi suna yi. Tafarnuwa tana da gardama. Tana bukatar sanyin dare kafin ta yi kai ta rabu ƙwaya-ƙwaya, irin sanyin da hunturu ke kawowa fadamun Arewa. Daren Legas da wuya ya sauka ƙasa da digiri 20. Shi ya sa da yawa kan samu ganye shar amma kai ɗan mitsitsi, ko dunƙule guda mulmulalle marar rabo. Wanda ya shuka ta China ma ya fi shan wannan, don irin ƙasar sanyi ne.

Mai son gwadawa ya nemi irin gida, ya ba shi makonninsa a firiji cikin takarda, ya shuka a Nuwamba don ya tone a ƙarshen Fabrairu ko Maris, kafin ruwa ya zauna. In lokacin ɗauke ban ruwa ya yi kuma hadari yana haɗuwa, amfanin buhu ke nan: a ja shi ƙarƙashin rufi.

Busarwa a nan sai da dabara, tunda iskar ba za ta yi aikin ita kaɗai ba. A ɗaure biyar-biyar ko shida-shida, ba babban dami ba, a rataye a baranda ko wani lungu da iska ke ratsawa, inda feshin ruwa ba ya kaiwa. In da wuta, a kunna mata fanka. Fanka a Legas tana yin abin da iskar bazara ke yi kyauta a Arewa. A sa rai za ta ɗauki mako huɗu, ba biyu ba. Kada a rataye ta a kicin. A ƙauye kakanninmu kan rataye iri a saman murhu, amma wancan busasshen zafi ne da hayaƙin itace a ɗaki mai shan iska. Ɗan kicin ɗin gidan haya a Legas, da tukunyar wake tana tafasa, tururi ne zalla.

Ajiye iri daga Maris zuwa Nuwamba, a ratsa da shi duk daminar Legas, wahala ce da ba ta biya. Gara a cinye abin da aka noma, har da ganyen, wanda ke da daɗi a miya da wainar ƙwai, a aiko da sabon iri daga Arewa a watan Oktoba.

Markaɗe da mai: inda abin ya wuce asarar kuɗi

Da yake dunƙule ba ya ajiyuwa, mata da yawa sun koma ɓarewa su markaɗa da citta, su zuba man gyaɗa a kai, su rufe a kwalba. Wasu kuma suna jiƙa ɗanyar tafarnuwa a man zaitun don magani, kwalbar ta yi makonni a kan tebur. Wannan ne wurin da ya kamata a tsaya a saurara.

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ke iya manne wa duk abin da aka tono. Ba ta yin komai in akwai iska. Amma in ta samu wuri marar iska, marar tsami, mai ɗumi, sai ta fitar da guba mai shanye jijiyoyi, cutar da likitoci ke kira botulizim. Tafarnuwa ba ta da tsami, mai yana toshe iska, ɗakin Legas kuma ɗumi ne dare da rana. A shekarar 1985 mutum 36 suka kamu a birnin Vankuba na Kanada daga yankakkiyar tafarnuwa a cikin mai da aka bari ba a sanyi ba. A 1989 aka sake samun wasu uku a Amurka, abin da ya sa hukumar abinci ta ƙasar ta wajabta wa kamfanoni sa sinadarin tsami a irin wannan haɗin. Gubar ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba. Alamunta sukan fara da gani biyu-biyu, nauyin fatar ido, wahalar haɗiya, sannan numfashi. Wanda ya ga haka, asibiti ne nan take.

Cutar ba ta da yawa, kuma tafasa mai kyau tana lalata gubar, don haka wadda ke zuba haɗinta a miyar da za ta daɗe a wuta ta fi samun kariya. Hatsarin yana kan mai shan man a cokali, ko mai zuba shi a abin da ba za a dafa ba. Shawarar hukumomin lafiya ita ce irin wannan haɗin na gida ya zauna a firiji, kada ya wuce kwana huɗu. Firijin da wuta ke zuwa tana tafiya kuwa bai cika wannan sharaɗin ba. Mai firiza da ke riƙe ƙanƙara ta raba markaɗen ƙanana-ƙanana ta daskarar, ta riƙa ɗaukar na girki ɗaya. Marar firiza, busasshiya ta fi mata: a yanka siriri, a shanya har ta riƙa karyewa, a daka, a toshe a kwalba mai murfi. A Legas wannan aikin na Disamba zuwa Fabrairu ne, ko kuma a sa a yi a Arewa a aiko.

Abin da ya rage a hannun mai saye da mai sayarwa

A gaban tebur, hannu da hanci sun fi ido. A ɗauki dunƙule a matsa: ya zama da tauri ko'ina, da nauyi daidai girmansa. A duba wuya, siriri kuma busasshe. A juya gindi a ga ko saiwa ta fara fari-fari, alamar ta sha laima. Sannan a shinshina. Lafiyayyar tafarnuwa ba ta da wari sosai, domin warin nan mai ƙarfi ba ya tashi sai an fasa naman ƙwayar, sinadaran da ke ciki sun haɗu. Buhun da ke bugun hanci tun daga nesa, akwai rauni ko ruɓa a cikinsa, ko da na saman suna sheƙi.

A gida, da damina, a sayi ta mako biyu ko uku kawai. A zuba a kwando ko raga, a rataye inda iska ke wucewa, nesa da murhu da wurin wanke-wanke, kada a haɗa ta da dankali ko tumatir. Kada a ɓalle ƙwayoyi sai za a yi amfani da su, don wadda aka raba da uwarta ba ta daɗewa.

Ɗan kasuwa kuma, buhun da aka sauke yau a kwance shi yau. A baza, a tsince masu rauni da masu kaurin wuya a sayar da su da wuri ko da an rage kuɗi, sauran a mayar a buhun raga, a ɗora a kan katako, kada su taɓa siminti ko bango. Masu amfani da ita da yawa, irin masu tsire, masu haɗa yaji da masu gidan abinci, su ne suka fi jin zafin tsadar ƙarshen shekara, kuma su ne suka fi shiga jarabar cika shago a Afrilu. Abin da ya fi musu shi ne su saya a lokacin arahar, amma su bar kayan a Arewa a hannun ɗan'uwa ko amintaccen dillali mai rumfa, a riƙa ɗoro musu kaɗan-kaɗan a motocin da ke sauka Mile 12 kusan kullum. Kuɗin motar da za su ƙara bai kai rabin buhun da za su kwashe su zubar a watan Yuli ba.